Yaɗuwar Bengalanci da Tamilanci a Duniya: Waiwaye Cikin Tarihi

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa, idan aka ce "Indiyanci", abin da ake nufi shi ne harshen da ake ji a finafinan da aka daɗe ana nunawa a gidajen silima na Kano da Kaduna da Zariya, watau harshen Hindi. Wannan suna ya sa mutane da dama, har da wasu masu ilimi, suna zaton mutanen Indiya da maƙwabtansu harshe ɗaya gare su. Alhali kuwa tsarin mulkin Indiya kaɗai ya lasafta manyan harsuna 22, ban da ɗaruruwan ƙanana. Wannan maƙala za ta dubi biyu daga cikin manyan, watau Bengalanci da Tamilanci, ta bi sawunsu zuwa ƙasashen da ake magana da su.

Dalilin haɗa su wuri ɗaya shi ne wani abin mamaki da ke tsakaninsu. Masu magana da Bengalanci a matsayin harshen uwa sun haura miliyan 230, na Tamilanci kuwa ba su wuce miliyan 80 ba. Amma Tamilanci ya riga Bengalanci ƙetare teku da ƙarnoni masu yawa, kuma shi ne ya zama harshen hukuma a wata ƙasa mai nisa da mahaifarsa, watau Singafo. Haka kuma Tamilancin da ya rayu a Malesiya ya mutu a bakin jikokin Tamilawan Afirka ta Kudu. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne yawan jama'a ba ya isa ya raya harshe a ƙasar baƙunci. Abin da ke raya shi ya danganta ga irin tafiyar da ta kai mutane can, da ko hanyar gida ta ci gaba da zama a buɗe, da kuma ko an sa harshen a makaranta.

2.0 Asalin Harsunan Biyu

Bengalanci da Tamilanci ba dangi ba ne. Bengalanci yana cikin rukunin harsunan arewacin Indiya da suka tsiro daga tushe ɗaya da Sanskirit, saboda haka ɗan'uwan Hindi ne da Urdu, kuma yana da dangantaka ta nesa da Farisanci. Mafi daɗewar rubutun da ake danganta shi da shi wasu waƙoƙin mabiya Buddha ne da ake kira Charyapada, waɗanda masana ke sanya su tsakanin ƙarni na 8 da na 12. Suniti Kumar Chatterji ne ya shimfiɗa tarihin harshen a babban littafinsa na 1926. Mazauninsa shi ne faffaɗar fadamar da kogunan Ganga da Brahmaputra suka rarrabu a cikinta kafin su faɗa teku.

Tamilanci kuwa na rukunin Dirabidiya ne, na kudancin Indiya, tare da Telugu da Kannada da Malayalam. Robert Caldwell ne ya tabbatar da wannan rukuni a nahawunsa na kwatance na 1856. An sami rubutun Tamilanci a jikin duwatsu tun ƙarni na 3 ko na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), kuma yana da tsohon adabi da ake kira na Sangam. A 1578 aka buga ƙaramin littafin koyar da addinin Kirista da haruffan Tamil a garin Kollam, aikin wani limamin coci mutumin Fotugal mai suna Henrique Henriques, shekara 200 daidai kafin a fara ɗab'i da haruffan Bengal a nahawun Halhed na 1778. Mazaunin Tamilanci shi ne gaɓar kudu maso gabashin Indiya, inda jihar Tamil Nadu take, da arewaci da gabashin tsibirin Siri Lanka, wanda Turawa suka sani da Silon.

Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna masu Bengalanci miliyan 97 a ƙasar, masu Tamilanci miliyan 69. Sauran Bengalawa suna Bangaladesh, wadda jama'arta ta haura miliyan 165 a ƙidayar 2022.

3.0 Bengalanci: Yaɗuwa ta Tudu da Kogi

Yaɗuwar Bengalanci ta farko yaɗuwar manomi ce. Masanin tarihi Richard Eaton ya nuna, a littafinsa na 1993, cewa a zamanin daular Mugal manyan kogunan sun karkata gabas, sai dazuzzukan wajen suka zama ƙasar noman shinkafa. Waɗanda suka jagoranci saran dajin sau da yawa malamai ne da shehunan ɗariƙa, kowa ya sari daji sai ya gina masallaci. Da haka Musulunci da garma da Bengalanci suka shiga gabashin Bengal tare, wanda shi ne dalilin da ya sa gabas ta zama ta Musulmi, yamma kuma mabiya addinin Hindu suka fi yawa.

Bayan yaƙin Plassey na 1757, Ingilishi suka mai da Kalkata hedkwatar mulkinsu, ta kuma zauna a haka har 1911. Bengalawa ne suka fara shiga makarantun Turawa, saboda haka su suka zama akawuna da malaman makaranta da likitoci a lardunan maƙwabta. A lardin Assam, Bengalanci ya yi fiye da shekara 30 yana harshen kotu da makaranta, har zuwa 1873, abin da mutanen Assam ba su manta ba. Daga farkon ƙarni na 20 kuma manoman gundumar Mymensingh suka riƙa bin kogin Brahmaputra suna kafa gonaki a fadamun Assam. Wannan ƙaura ita ce tushen rigimar da ta kai ga kashe-kashen Nellie a 1983, da kuma rajistar 'yan ƙasa ta 2019 wadda ta bar kusan mutum miliyan 1.9 a waje, da yawansu masu Bengalanci.

3.1 Rabuwar 1947 da Gwagwarmayar Harshe

An taɓa raba Bengal biyu a 1905, zamanin Lord Curzon, aka soke rabon a 1911 saboda bore. A 1947 aka sake raba ta, wannan karon rabo na dindindin: yamma ta tafi Indiya, gabas ta zama ɓangaren Pakistan. Miliyoyin mabiya Hindu suka ƙetara iyaka. Wasu suka zauna Kalkata, wasu suka cika ƙaramar jihar Tripura har suka rinjayi 'yan asalin wurin, wasu kuma gwamnati ta kai su tsibiran Andaman, inda Bengalanci ya zama harshen da ya fi kowane yawan masu magana.

A Pakistan, Bengalawa sun fi rabin jama'ar ƙasa, amma mulki yana hannun yamma. A watan Maris 1948 Muhammad Ali Jinnah ya tsaya a Dakka ya ce Urdu kaɗai ne zai zama harshen ƙasa. Har aka kawo shawarar a daina rubuta Bengalanci da haruffansa a koma haruffan Larabci, Bengalawa Musulmi suka ƙi. Ran 21 ga Fabrairu 1952 'yan sanda suka buɗe wuta kan ɗalibai masu zanga-zanga kusa da Kwalejin Likitanci ta Dakka, aka kashe mutane, cikinsu har da Barkat da Rafiq da Jabbar, Salam kuma ya rasu daga baya sakamakon rauni. Tsarin mulkin 1956 ya amince da Bengalanci tare da Urdu, amma tsagar da aka yi ba ta ɗinku ba, har ta kai ga yaƙin 1971 da haihuwar Bangaladesh. A Indiya ma an zub da jini kan harshen: ran 19 ga Mayu 1961 aka harbe mutum 11 a tashar jirgin ƙasa ta Silchar, cikin Assam, daga nan aka yarda Bengalanci ya zama harshen hukuma a wannan yanki. Ranar 21 ga Fabrairu ce UNESCO ta ayyana a 1999 a matsayin ranar harshen uwa ta duniya.

Wani abin lura shi ne sunan "Babengale" ya zama makami a ƙasar Bama. Musulmin Rohingya na yankin Rakhine suna magana da harshe mai kusanci da na Chittagong, hukuma kuwa ta dage kan kiransu Bengalawa don ta nuna baƙi ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar su ba ƙasa, a 2017 kuma fiye da mutum 700,000 suka gudu zuwa Bangaladesh.

4.0 Tamilanci: Yaɗuwa ta Fatauci

Shi Batamile tun da can mutumin teku ne. A tsofaffin tashoshin jiragen ruwa na Masar da ke gaɓar Bahar Maliya, Berenike da Ƙusair, masu tonon kayan tarihi sun sami tsingaro ɗauke da sunayen Tamilawa da haruffansu, na wajen ƙarni na 1. A gabas kuma ƙungiyoyin fatake sun bar rubutu a jikin dutse a Takua Pa ta ƙasar Tailan a ƙarni na 9, da Barus ta tsibirin Sumatra a 1088, da birnin Quanzhou na ƙasar Sin a 1281. Sarakunan Chola sun ci arewacin Siri Lanka a wajen 993, Sarki Rajendra kuma ya aika da rundunar jiragen ruwa kan daular Srivijaya a 1025. A arewacin Siri Lanka an yi masarautar Tamilawa ta Jafna, wadda ta zauna har mutanen Fotugal suka rushe ta a 1619.

Daga baya fataucin ya koma hannun Tamilawa Musulmi na gaɓar teku, waɗanda ake kira Marakkayar ko Chulia. Su ne suka ƙirƙiro Arwi, watau rubuta Tamilanci da haruffan Larabci tare da ƙarin alamomi, kamar yadda malaman ƙasar Hausa suka yi da ajami, kuma da shi suka rubuta littattafan fiƙihu da waƙoƙin bege. Da Ingilishi suka kafa Penang a 1786 da Singafo a 1819, sun tarar da hanyar tana hannun waɗannan fatake, har yanzu kuma akwai titin Chulia a biranen biyu. Musulmin Siri Lanka, waɗanda suka kai kashi 9 cikin 100 a ƙidayar 2012, yawancinsu Tamilanci ne harshensu na gida, ko da yake ba su ɗauki kansu Tamilawa ba.

Sai dai fatauci bai taɓa kwasar jama'a masu yawa ba. Bafatake yakan auri 'yar gari, jikokinsa su tashi da harshen uwarsu, kamar yadda ya faru ga Chitty na Melaka, waɗanda suka riƙe addinin Hindu amma suke magana da Malayanci. Abin da ya kwashi Tamilawa dubbai ɗaruruwa ya watsa su a duniya wani abu ne dabam.

5.0 Zamanin Ƙwadagon Yarjejeniya

Da Ingila ta hana bauta a ƙasashen da take mallaka a 1834, Faransa kuma a 1848, sai gandayen rake suka rasa hannuwa. Aka koma Indiya ana ɗaukar leburori bisa yarjejeniyar shekara biyar, da alkawarin abinci da ɗan albashi. Hugh Tinker, a littafinsa na 1974, ya kira tsarin sabon salon bauta, don lebura ba shi da ikon barin gandu, kuma ana ɗaure shi in ya ƙi aiki. An fara da tsibirin Morishas a 1834, sai Giyana a 1838, Tirinidad a 1845, Natal ta Afirka ta Kudu a 1860, Fiji a 1879. An daina ɗauka a 1917.

Manyan tashoshin da ake lodin leburori biyu ne, Kalkata da Madaras, watau babban birnin Bengalawa da babban birnin Tamilawa. A nan ne hanyar harsunan biyu ta rabu. Waɗanda aka loda a Kalkata galibinsu ba Bengalawa ba ne. Mutanen Bihar ne da gabashin lardunan da ake kira Uttar Pradesh, masu magana da Bhojpuri da Awadhi, sun bi ta Kalkata ne kawai. Masana tarihi sukan danganta wannan da cewa manomin Bengal yana da mafita kusa da gida: akwai sabuwar ƙasa a gabas da Assam, ga kuma noman ramar buhu da ke kawo kuɗi. Saboda haka birnin da ya fitar da leburori mafi yawa bai fitar da harshensa ba. A Madaras kuwa, da tashoshin Faransa na Pondicherry da Karaikal, talakawan Tamilawa da Telugu ne da kansu suka shiga jirgi, musamman ƙasƙantattu a tsarin jinsi na Hindu, waɗanda ba su da gona, ga fari da yunwa irin ta 1876 zuwa 1878.

5.1 Inda Tamilanci Ya Ɓace

Jirgin farko da ya isa Darban ran 16 ga Nuwamba 1860, mai suna Truro, daga Madaras ya taso da mutum 342. Daga nan zuwa 1911 an kai leburori kimanin 152,000 Natal, kusan kashi biyu cikin uku daga kudancin Indiya. Tamilawa ne ƙashin bayan gwagwarmayar da Gandhi ya jagoranta a can, kuma har yanzu ana tuna wata yarinya, Thillaiyadi Valliammai, wadda ta rasu a 1914 tana da shekara 16 bayan ta fito daga kurkuku. Duk da haka, harshen bai wuce jikoki ba. Daga 1911 sabbin baƙi suka yanke. Makarantun gwamnati da na mishan da Ingilishi suke koyarwa, Tamilanci sai a 'yan azuzuwan yamma da jama'a suka kafa da kuɗinsu. Batamile da Batelugu da mai Bhojpuri ba su da harshen da ya haɗa su in ban da Ingilishi. Sannan dokar ware unguwanni ta 1950 ta tarwatsa tsofaffin unguwanni da manyan gidajen da kaka ke zaune tare da jikoki, aka zuba mutane a sababbin rukunan gidaje kamar Chatsworth. Tsarin mulkin 1996 ya ambaci Tamilanci cikin harsunan da za a mutunta, amma a lokacin Ingilishi ya riga ya zama harshen gida. Abin da ya rage shi ne addu'a da waƙoƙin bauta da sunayen abinci.

Haka labarin yake a tsibiran Faransa. A Reyuniyon jikokin leburorin, waɗanda ake kira Malbar, suna bikin tafiya kan garwashi kamar kakanninsu, amma harshensu Kiriyol ne, watau Faransancin da bayi suka sarrafa ya zama harshe mai zaman kansa. A Gwadaluf da Martinik Tamilanci ya tsaya a bakin masu jan addu'a kaɗai. A Fiji, inda mutanen kudu suka fara zuwa a 1903 suka tarar da na arewa sun riga sun kafu, sai suka ɗauki Hindin gandu suka bar nasu. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai. A Morishas ma Kiriyol ne harshen yau da kullum, ko da yake ana koyar da Tamilanci a makaranta kuma yana jikin takardun kuɗi. A 1998 da babban bankin ƙasar ya buga sababbin takardu ya sa Hindi gaba da Tamilanci, sai da Tamilawa suka yi zanga-zanga aka janye su. Mutanen da galibinsu ba su iya karanta rubutun ba ne suka fito kare matsayinsa, abin da ke nuna harshe kan zama tuta bayan ya daina zama abin magana.

5.2 Inda Tamilanci Ya Rayu

A Silon da Malaya wani tsari aka bi. Maigandu yakan aiki wani amintaccen lebura, wanda ake kira kangani, watau helima, ya koma ƙauyensu ya zo da 'yan'uwa da maƙwabta. Saboda haka ƙauye guda yakan tashi ya sauka a gandu guda, da mata da yara da abin bautarsu. Ƙetarawa daga Nagapattinam zuwa Penang 'yan kwanaki ce, zuwa Silon kuwa sa'o'i ne, mutane suna zuwa suna komawa, ana kawo amare da malamai da jaridu. Kuma Tamilawa ne mafi rinjaye cikin Indiyawan wurin, ba su bukaci wani harshe don su fahimci juna ba.

A Malaya, inda noman roba ya bunƙasa a farkon ƙarni na 20, dokokin ƙwadago sun tilasta wa masu gandaye buɗe makaranta. Makarantun ba su da inganci, manufarsu ita ce ɗan lebura ya zauna a gandu, amma da Tamilanci ake koyarwa. Bayan mulkin kai a 1957 suka shiga tsarin ilimin ƙasa, kuma akwai fiye da 500 a Malesiya. A Kuala Lumpur aka yi taron duniya na farko kan nazarin Tamilanci a 1966, bisa ƙoƙarin Xavier Thaninayagam, wani malamin coci mutumin Jafna. A Singafo, jaridar Tamil Murasu tana fitowa tun 1935, kuma da ƙasar ta tsaya da ƙafarta a 1965 ta sanya Tamilanci cikin harsunan hukuma huɗu. Amma ƙidayar Singafo ta 2020 ta nuna fiye da rabin Indiyawan ƙasar Ingilishi suka fi yi a gida. Ke nan matsayin hukuma yana kare harshe a takarda da makaranta, ba ya shiga ɗaki ya tilasta wa uwa ta yi wa ɗanta magana da shi.

A Silon, leburorin da aka kai tsaunukan tsakiya don noman gahawa tun shekarun 1830, daga baya kuma ganyen shayi, sun riƙe harshensu sarai, abin da suka rasa shi ne ƙasa. Dokar 1948 ta hana yawancinsu zama 'yan ƙasa. Yarjejeniyar Sirima da Shastri ta 1964 ta tsara a mai da mutum 525,000 Indiya, a karɓi 300,000, sauran kuma sai a 2003 aka warware matsalarsu baki ɗaya.

6.0 Ƙaurar Zamani

Bengalanci bai ƙetare teku da gaske ba sai ta hanyar ma'aikatan jirgi. Tun ƙarni na 19 samarin gundumar Silhet suka kama aikin zuba gawayi a tukunyar jiragen da ke tashi daga Kalkata, wasu kuma sukan sulale in jirgi ya tsaya Landan. Su ne suka zama masu masauki ga waɗanda suka biyo baya a shekarun 1950 da 1960, iyalai kuma suka iso bayan 1971. Sun taru a gabashin Landan, wajen titin Brick Lane, suka kama ɗinki da sayar da abinci. Kisan da 'yan wariyar launin fata suka yi wa wani matashin tela, Altab Ali, a watan Mayu 1978 ya haɗa kan jama'ar, aka kuma sa wa filin da ke kusa sunansa. Ƙidayar 2021 ta nuna 'yan asalin Bangaladesh sun haura 640,000 a Ingila da Wales, kuma su ne kashi ɗaya cikin uku na ƙaramar hukumar Tower Hamlets. A 2022 aka rubuta sunan tashar jirgin Whitechapel da haruffan Bengal. Matsalar wurin ita ce abin da ake yi a gida karin Silhet ne, wanda wasu masana ke ɗauka harshe ne dabam, abin da ake koyarwa a aji kuwa daidaitaccen Bengalanci ne. Yaro yakan ga na ajin baƙo ne gare shi, na gidan kuma ba ya rubutuwa a wurinsa, sai ya tsaya ga Ingilishi.

Ƙaura mafi girma ita ce ta ƙasashen Larabawa masu man fetur, wadda gwamnatin Bangaladesh ta fara tsarawa a 1976. Ƙidayar Saudiyya ta 2022 ta nuna 'yan Bangaladesh sun haura miliyan 2, sun fi kowane rukunin baƙi yawa, kuma duk alhajin da ya shiga kasuwannin Makka da Madina ya ji harshensu ko da bai san sunansa ba. Sai dai waɗannan maza ne da suka bar iyali a gida, ba a ba su zama ɗan ƙasa, in kwangila ta ƙare sai komawa. Harshen yana da yawa a can amma ba ya yin saiwa. Akwai kuma Bengalawa a New York da Toronto da Rum, da birnin Karachi, inda da yawa suke zaune tun kafin 1971 ba tare da takardar ɗan ƙasa ba.

Sabuwar ƙaurar Tamilawa kuwa yaƙi ne ya haife ta. Dokar 1956 ta mai da Sinhala kaɗai harshen hukuma a Silon, abin da ya toshe wa Tamilawan Jafna aikin gwamnati. A 1981 aka ƙone ɗakin karatu na Jafna da littattafai fiye da 90,000, a watan Yuli 1983 kuma aka yi wa Tamilawa kisan gilla a Kolombo. Gyaran tsarin mulki na 1987 ya ba Tamilanci matsayin hukuma, amma yaƙin basasa ya ci gaba har 2009. Dubbai ɗaruruwa suka nemi mafaka a Kanada da Ingila da Faransa da Jamus da Suwizalan da Norway. Ƙidayar Kanada ta 2021 ta nuna fiye da mutum 200,000 da suka iya Tamilanci, yawancinsu a Toronto da kewaye. Waɗannan mutane sun fita ne saboda harshe, don haka suka kafa makarantun ƙarshen mako da gidajen rediyo da himmar da leburorin Natal ba su sami halin yi ba.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa taswirar kowane harshe tana bin irin aikin da masu shi suka fita yi. Manomin Bengal ya bi kogi, sai harshensa ya taru wuri ɗaya mai cunkoso, iyakokin siyasa suka zo daga baya suka raba shi tsakanin ƙasashe biyu. Bafataken Tamil da leburan gandu sun bi teku, sai harshensu ya warwatsu daga Singafo har tsibiran Amurka. Inda aka tafi da iyali, hanyar gida ta zauna a buɗe, aka kuma sami makaranta ko da ta banza ce, harshen ya rayu, kamar a Malaya da Silon. Inda jirgi ya yanke, makaranta kuma ta zama ta wani harshe, kamar a Natal da Reyuniyon, ya ƙare cikin zuriya uku, ba tare da wata doka ta hana shi ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da ya rage a gani shi ne makomar jikokin ƙaurar zamani a Landan da Toronto, waɗanda suke da abin da leburorin da ba su da shi, watau jirgin sama da wayar salula da talabijin na gida. A filin Altab Ali an gina kwafin hasumiyar shahidan harshe ta Dakka, kuma kowace shekara, da tsakar daren 21 ga Fabrairu, jama'a kan taru su ajiye furanni. Ko yaran da ake kaiwa wurin za su yi wa nasu 'ya'yan magana da Bengalanci, wannan tambaya ce da manazarta harshe za su sami amsarta a ƙidayoyi masu zuwa.